Zubin Dare

Daren Lahadi a unguwar Zariya,
an kulle makaranta, ni ina ciki.
Kwamfuta ashirin da uku a kan tebura,
kowace da irin cutarta:
wannan sai ta yi tari kafin ta tashi,
waccan ta manta ranar da muke,
ta bakin taga ba ta jin yaren kowa
sai na ƙasar da ta baro.

Bara ɗaya bayan ɗaya na bi su,
kwana tara, gadon bayana shaida ne.
Bana na ware guda, na wanke ta tas,
na haɗa mata kaya kamar mai tafiya Damagaram:
ƙamus, taswira, lissafi,
da haruffanmu masu lanƙwasa.
Na dafa kanta na ce, ke ce uwa.

Saura faifai.
Kakata Tsahara da nata take bakace,
nawa ko tsaba ɗaya ba ya riƙewa.
Abin da na ƙona masa kaɗan ne:
yadda na'ura za ta farka ba da cikinta ba,
ta laluba waya, ta roƙi lamba,
ta yi sallama a ƙofar uwa.

Na farko ya ƙone a banza.
Ɗan Tani mai gadi ya juya shi a hasken fitila,
ya ce zai rataye shi a gonarsa ta Jiratawa,
ko ba komai ya kori buwa.
Na biyu ya tashi, amma makaho,
ga waya a jikinsa bai gan ta ba.
Na koma na nemo masa ido.
Na uku ya yi ƙugi, ya yi shiru,
sai farin rubutu ya gangaro kan baƙin allo.

Na taɓa tsayawa bayan babbar kasuwa
ina kallon Ma'azu mai zubin tukwane.
Tukunya ɗaya yake dannawa a damshin ƙasa,
ya narka dalma ya zuba,
ɗari su fito da tabon kunnenta.
Don haka na sake duba uwa sau biyu,
kada in haifi kuskure ashirin da biyu.

Sun jeru suna sha ta waya ɗaya.
Sittin cikin ɗari. Saba'in. Tamanin da ɗaya.
Wuta ta ɗauke.
Ɗan Tani bai ce komai ba,
ya hura gawayi, ya ɗora shayi na biyu.

Cikin duhun nan na tuna da ta sha bakwai,
wadda ɓera ya ci wa waya, ba ta shiga sahu ba.
Da wuta ta dawo na leƙa cikinta
kafin in share.
Ga wani fayil a lungu: KADA A GOGE.
Barira ce, 'yar aji biyar,
ta jera bashin ƙuli-ƙulin innarta.
Matar tela, dala arba'in.
Direban Madarunfa, jaka ɗaya, tun azumi.
Ta ja layi, ta tara, kuma daidai ta tara.

Faifaina ba ya karatu.
Abin da ya tarar shafewa yake,
da ƙwayar cuta da bashin inna, duk ɗaya.
Na kwashe lissafin na sa a aljihu,
ina tunanin sauran da ban leƙa ba.

Kiran assalatu ya tarar da su fuska ɗaya,
ashirin da uku, kamar an tsaga kara.
Na cire faifan da ɗuminsa,
na rubuta masa kwanan wata da alƙalamin allo.
Sannan na koma kan ta sha bakwai,
na mayar da matar tela da direban Madarunfa
lungun da na same su.